Girman Sensa da Zaɓen Gilashi a Kyamarorin Sinima

Gabatarwa

Duk kyamarar da aka taɓa ƙerawa, tun daga akwatin mai hoto na bakin kasuwa wanda kan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, har ya zuwa manyan kyamarorin sinima na yau, abubuwa biyu ne ginshiƙinta. Na farko shi ne gilashin da ke gaba, wanda ke tattara hasken da ya taso daga abin da ake ɗauka. Na biyu kuwa ɗan filin da ke can ciki, inda hasken nan ke sauka ya zama hoto. A da fim ne ke shimfiɗe a wannan fili, watau wani dogon zare mai kama da leda, wanda aka shafe da sinadarin da haske ke yi wa tabo. Yanzu a yawancin kyamarori sensa ce ta gaje shi, watau wani ɗan allo mai miliyoyin ƙananan gurabe, kowane gurbi yana karɓar haske ya mai da shi lantarki.

Masu tallar kyamara sukan yi ta kirari da girman sensa, kamar dai duk wadda ta fi girma ita ta fi kyau. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Duk ƙarin da aka yi wa sensa yana jawo canjin gilashi, da ƙarin nauyi, da ƙarin kuɗi, da ƙarin wahala ga mai ɗauka. Saboda haka ɗalibin da ke koyon sana'ar fim, da ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan aiki a gidan talabijin ko ma'aikatar watsa labarai, dukansu suna bukatar sanin abin da ake samu da abin da ake rasawa, kafin a sa hannu a takardar ciniki.

Inda Ma'aunan Suka Samo Asali

Ma'aunan sensa na yau gadon zamanin fim ne. A farkon shekarun 1890 William Dickson, wanda ke aiki a ƙarƙashin Thomas Edison a Amurka, ya tsai da fim mai faɗin milimita 35, mai huda a gefe biyu. Bayan an fid da wurin hudar, abin da ya rage wa hoto kimanin milimita 25 ne a faɗi, da 18 da ɗoriya a tsaye. Sa'ad da aka soma ɗora sauti a gefen fim sai filin ya ragu, har aka daidaita shi a 1932 a kan milimita 22 da 16. Daga baya aka koma ga cikakken faɗin nan na milimita 25, ana kiransa Super 35. A kan ma'aunan nan ne aka ɗauki galibin finafinan da duniya ta kalla a ƙarni na ashirin, a kansu kuma aka ƙera yawancin gilasan sinima.

A ƙasa da wannan akwai fim mai milimita 16, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923. Hotonsa bai wuce milimita 10 da ɗan ɗoriya a faɗi ba, sai a 1969 wani mai ɗaukar fim ɗan ƙasar Suwidin, Rune Ericson, ya faɗaɗa shi zuwa 12.5, aka sa masa suna Super 16. Wannan fim ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin shi motocin majigi suka riƙa haskawa a filayen garuruwa, kuma da kyamara mai milimita 16 Jean Rouch ya ɗauki finafinansa a Nijar, yana riƙe da ita a hannu.

A sama da Super 35 kuwa ma'auni uku ne sanannu. Na ɗaya ya fito ne daga kyamarar hoto ta Leica, wadda Oskar Barnack ya ƙera a Jamus, aka fara sayar da ita a 1925. Shi ya kwantar da fim ɗin nan mai milimita 35 a gicciye, ya sami hoto mai faɗin milimita 36 da tsayin 24. Kamfanin Paramount ya ɗauki wannan dabara a 1954 da sunan VistaVision. Na biyu fim mai milimita 65, mai hoton da faɗinsa ya kai kimanin 52, wanda aka ɗauki Lawrence of Arabia da shi a 1962. Na uku IMAX, wanda aka fara nunawa a Osaka ta Japan a 1970, mai hoton da faɗinsa ya kai kimanin milimita 70.

Kyamarorin lantarki ta ƙaramin ma'auni suka faro. Manyan kyamarorin talabijin sun daɗe suna aiki da sensa mai faɗin milimita 9.6 kacal, kuma da irinta, ƙirar Sony, George Lucas ya ɗauki fim ɗin Star Wars na 2002. Finafinan Hausa na kaset, tun daga Turmin Danya a 1990, su ma da kyamarorin bidiyo aka yi su. Sa'an nan aka sami masu sensa daidai da Super 35, irin su RED One a 2007 da ARRI Alexa a 2010. A tsakaninsu, a 2008, Canon ya fito da 5D Mark II, kyamarar hoto mai sensa 36 da 24 wadda ke ɗaukar bidiyo. Saboda arharta, ire-irenta suka bazu har Legas da Kano, idon masu kallo kuma ya saba da kamannin babbar sensa. Alexa 65 ta biyo baya a 2014 da faɗin milimita 54, Sony Venice a 2017 da 36, Alexa LF kuma a 2018 da 36.7.

Faɗin Abin da Kyamara ke Gani

Kowane gilashi yana da lamba a jikinsa, alal misali milimita 25, ko 50, ko 100. Lambar nan ita ce tsawon gilashi, watau tazarar da ke tsakanin cibiyarsa da wurin da hasken abu mai nisa ke haɗuwa a bayansa. Wannan tsawo ba ya canjawa, ko a wace kyamara aka ɗaura gilashin. Abin da ke canjawa shi ne yawan abin da sensa ke kamawa daga hoton da gilashin ya jefo mata. Misalinsa kamar mutum ne zaune cikin ɗaki yana kallon waje. Idan tagar ƙarama ce, ƙofar maƙwabci kaɗai zai gani. Idan aka faɗaɗa ta, sai ya ga layin gaba ɗaya, alhali bai motsa daga inda yake ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka an kafa kyamara mita 5 daga wani bango, an ɗaura mata gilashi mai milimita 50. Idan sensar Super 16 ce, faɗin bangon da zai shiga hoto mita 1 da kwata ne. Idan Super 35 ce, mita 2 da rabi. Idan mai milimita 36 ce, mita 3.6. Idan Alexa 65 ce, mita 5.4. Gilashi ɗaya ke nan, a wuri ɗaya, amma a kyamara ta farko mutum biyu kafaɗa da kafaɗa za su cika hoton, a ta ƙarshe kuwa sahun mutum tara ko goma zai shiga.

Idan aka juya lissafin, sai ƙa'idar zaɓen gilashi ta fito. In ana son mita 5 na bangon ya shiga daga nisan mita 5, lalle ne tsawon gilashi ya yi daidai da faɗin sensa: milimita 12.5 ga Super 16, da 25 ga Super 35, da 36 ga mai bi mata, da 54 ga Alexa 65. Watau gwargwadon girman sensa, gwargwadon tsawon gilashin da ake bukata don a sami hoto iri ɗaya. Ga wanda ke ɗaukar fim cikin ƙuntataccen ɗaki, babbar sensa taimako ce, domin ba sai ya nemi gajeren gilashi ƙwarai ba. Ga wanda ke ɗaukar ƙwallo ko namun daji daga nesa kuwa, nauyi ce, domin abin da gilashi mai milimita 200 zai jawo masa a Super 16, sai ya ɗauko mai kusan 600 a sensa mai 36. Don a ɗauki tahowar Omar Sharif a kan raƙumi daga can ƙarshen hamada a Lawrence of Arabia, sai da Freddie Young ya yi aiki da gilashi mai tsawon kimanin milimita 480.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Ana cewa babbar sensa tana canja yadda na kusa da na nesa ke bayyana, tana kuma gyara siffar fuska. Haƙiƙa wurin da aka kafa kyamara ne kaɗai ke yin wannan. Idan kyamarori biyu suka tsaya a wuri ɗaya, kowace da gilashin da ya dace da sensarta, girman hanci a kan fuska da girman dutsen da ke bayan mutum ɗaya za su fito a hotunan biyu.

Da'irar Haske

Gilashi a kewaye yake, don haka hoton da yake jefawa da'ira ce, sensa kuwa mai kusurwa huɗu ce. Tilas da'irar ta lulluɓe sensa har kusurwoyinta, in ba haka ba sai gefunan hoto su yi duhu, kamar ana leƙe ta bakin tulu. Daga kusurwa zuwa kusurwa, Super 35 tana bukatar da'ira mai kimanin milimita 31, mai 36 da 24 tana bukatar 43, Alexa 65 kuwa kusan 60.

Daga wannan ƙa'ida biyu ke fita. Gilashin da aka ƙera don babbar sensa yana aiki a ƙarama, amma wanda aka ƙera don ƙarama ba safai yake isar babba ba, musamman ma gajerun gilasai da masu zuƙowa. Hukumar da ke da akwatunan gilasan Super 35, idan ta sayi kyamara mai babbar sensa, to ko dai ta sake sayen gilasai, ko kuwa ta riƙa amfani da tsakiyar sensar kaɗai, ta bar sauran da ta biya kuɗinsa yana zaman banza. Har bakin da ake ɗaura gilashi a kansa yakan canja. ARRI ya daɗe da baki mai suna PL, mai faɗin milimita 54, amma da ya fito da Alexa LF sai ya yi sabo, LPL, mai faɗin 62. Kyamarorin IMAX kuwa gilasan manyan kyamarorin hoto irin su Hasselblad aka gyara musu, domin su ne ke da da'irar da ta ishe su.

Ƙa'ida ta biyu ta nauyi ce. Faɗaɗa da'ira yana bukatar ƙarin gilashi da ƙarin ƙarfe, abin kuma ya fi tsanani ga gilashi mai zuƙowa, watau wanda tsawonsa ke ƙaruwa yana raguwa. A kyamarar talabijin mai ƙaramar sensa akwai gilasan filin wasa da ke zuƙowa fiye da ninki 100. A Super 35 kuwa, shahararren gilashin nan na Angénieux ta Faransa, mai tashi daga milimita 24 zuwa 290, ninki 12 kaɗai yake yi, amma nauyinsa ya kai kilo 11. Wannan ne dalilin da ya sa gidajen talabijin ba su rabu da ƙaramar sensa ba wajen wasanni da labarai.

Zurfin Saiti

A nan ne bambancin ya fi fitowa a idon mai kallo. Sa'ad da aka saita gilashi a kan fuskar mutum, akwai ɗan fage a gabansa da bayansa wanda ke fitowa sarai, abin da ya wuce fagen kuwa sai ya yi dishi-dishi. Wannan fage shi ne zurfin saiti.

A cikin kowane gilashi akwai ƙofar haske da ake buɗewa ana tsukewa, ana auna ta da lambobi kamar 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8. Kowane mataki zuwa sama yana rage haske da rabi. Ainihin faɗin ƙofar kuwa ana samunsa ne idan aka raba tsawon gilashi da lambar. A lamba 2.8, gilashi mai milimita 25 ƙofarsa kimanin milimita 9 ce, mai 54 kuwa tasa ta kai 19. Gwargwadon faɗin ƙofar, gwargwadon ƙuncin zurfin saiti. Tun da babbar sensa dogon gilashi take bukata, dogon gilashi kuma ƙofarsa ta fi faɗi a lamba ɗaya, ashe babbar sensa tana tafe da siririn saiti ke nan.

Ga misali da alƙaluma, bisa ga lissafin da masu sana'ar ke yi. An tsai da ɗan wasa mita 2 daga kyamara, ana ɗaukarsa daga ƙirji zuwa kai, ƙofa tana kan 2.8. A Super 16, da gilashi mai milimita 25, zurfin saiti kimanin santimita 45 ne. A Super 35, da mai 50, kimanin 22. A sensa mai 36, da mai kusan 75, kimanin 15. A Alexa 65, da mai kusan 110, kimanin 10. A na ƙarshen nan, idan idanu suka fito sarai, kunnuwa sun soma dushewa, kuma idan ɗan wasa ya ɗan sunkuya gaba ya fita daga saiti. A manyan finafinai akwai mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai murɗa saiti yana bin ɗan wasa, kuma babbar sensa ta ninka masa wahala. Kuskuren da ba a lura da shi a ɗan allon kyamara ba, a bangon sinima kowa zai gan shi, a lokacin kuma 'yan wasa sun watse.

Siririn saiti yana da amfaninsa, domin yana ware mutum daga hayaniyar da ke bayansa, ya tilasta wa ido ya tsaya a kan fuska. Stanley Kubrick ya kai shi matuƙa a Barry Lyndon na 1975, inda ya yi aiki da gilashin Zeiss mai buɗewa har 0.7, wanda asali don hukumar sararin samaniya ta Amurka aka ƙera shi, ya ɗauki 'yan wasa da hasken kyandir, su kuwa ba su da halin motsawa sosai. Amma akwai labarin da zurfi yake so. A Citizen Kane na 1941, Gregg Toland ya yi amfani da gajerun gilasai da tsukakkiyar ƙofa da fitilu masu ƙarfi, don na kusa da na can ƙuryar ɗaki su fito sarai a lokaci guda. Haka nan mai ɗaukar hawan salla ko taron jama'a, wanda ba zai ce a sake ba, zurfin saiti shi ne rufin asirinsa.

Ingancin Hoto

Babbar sensa tana da fifiko ta fuska biyu. Ta farko ita ce ƙarancin faɗaɗawa. Idan bangon sinima mita 10 ne, hoton Super 16 sai an ninka shi sau 800 kafin ya cika shi, na Super 35 sau 400, na sensa mai 36 sau 280, na fim mai milimita 65 kuwa sau 190. Duk wani aibu na gilashi, da duk wani tsaki-tsaki na hoto, tare ake ninka su. Shi ya sa ƙaramar sensa ta fi matsa wa gilashi lamba, domin tana bukatar ya zana komai a ɗan ƙaramin fili.

Ta biyu ita ce yawan haske. Gurabun sensa kamar ƙwarya ne da aka jera a tsakar gida ana tarar ruwan sama. Babbar ƙwarya ta fi tara ruwa ko da yayyafi ake yi, ta kuma fi jinkirin cika idan aka yi kamar da bakin ƙwarya. Haka babban gurbi ya fi tsabtar hoto a cikin duhu, ya fi jure hasken rana. Fili mai 36 da 24 ya kusan ninka cikakken filin Super 35, don haka mai ƙira yana iya yawaita gurabe ba tare da ya ƙanƙanta su ba. Abin da ARRI ya yi ke nan. Gurbin Alexa ta 2010 faɗinsa maikuron 8.25 ne, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Da kamfanoni irin su Netflix suka shar'anta hoto mai 4K, watau gurabe kusan dubu huɗu a faɗi, sai ARRI ya bar gurbin yadda yake, ya faɗaɗa sensar zuwa gurabe 4448 a Alexa LF.

To amma ribar nan tana da sharaɗi. Idan mai babbar sensa yana son zurfin saiti daidai da na Super 35 a lamba 2.8, sai ya tsuke ƙofarsa zuwa 4 a sensa mai 36, ko zuwa kusan 5.6 a Alexa 65. Na farko ya zubar da rabin haskensa ke nan, na biyu kashi uku cikin huɗu. Abin da girma ya ba shi, tsukewa ta karɓe. Har wa yau, ƙira da zamani suna iya rinjayar girma. A 2022 ARRI ya komo ga Super 35 da Alexa 35, mai faɗin milimita 28 da gurbi mai maikuron 6, amma tazarar da take riƙewa tsakanin haske da duhu ta kai mataki 17 bisa ga awon kamfanin, alhali manyan yayyenta 14 da ɗoriya suke riƙewa.

Ayyukan gwanaye ma sun nuna cewa kowane ma'auni da ranarsa. Roger Deakins ya ɗauki fim ɗin 1917 a 2019 da Alexa Mini LF, yawancinsa da gilashi ɗaya mai milimita 40. Hoyte van Hoytema ya ɗauki Oppenheimer na 2023 da fim mai milimita 65 da na IMAX, Lol Crawley kuma ya farfaɗo da VistaVision a The Brutalist na 2024, dukansu uku suka sami lambar Oscar. Amma The Hurt Locker, wanda ya ci Oscar ta fim mafi kyau a 2010, yawancinsa da Super 16 aka ɗauke shi, haka kuma Carol na 2015, inda Ed Lachman ya zaɓi tsaki-tsakin ƙaramin fim da gangan don ya dace da zamanin labarin.

Kammalawa

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Wanda zai zaɓi kyamara, tambayoyi huɗu ya kamata ya fara amsawa. Wane irin aiki za a yi da ita, shiryayyen wasa ne da ake iya maimaitawa, ko kuwa abin da ke faruwa sau ɗaya? Waɗanne gilasai ke hannu, kuma da'irarsu ta isa sabuwar sensar? Akwai ƙwararren mai murɗa saiti, da fitilu, da ƙafar kyamara mai ɗaukar nauyin? A ina za a nuna aikin, a bangon sinima ne, ko a talabijin da wayar hannu? Ya kamata kuma a tuna cewa jikin kyamara yakan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yakan yi shekaru talatin ko fiye yana aiki, har gilasan da aka ƙera tun shekarun 1960 ana hayarsu a yau. Saboda haka a kasafin kuɗi gilashi ya kamata a fara rubutawa, sa'an nan a nemi sensar da ta dace da shi da kuma aikin da ke gaba.